Ƙararrawa da Kiran Salla: Tarihin Makarantar Sistoci a Bompai

A shekarar 1948 wasu mata 'yan ƙasar Ailan suka sauka a Kano da fararen kaya da lulluɓi a kansu. Sistoci ne na cocin Katolika, 'yan ƙungiyar St. Louis, matan da suka yi alwashin ba za su yi aure ba, ba za su tara abin duniya ba, za su ƙare rayuwarsu a ibada da hidima. Kano ce masaukinsu na farko a Nijeriya. Daga aikin da suka fara a wannan shekara aka samu makarantar firamare ta St. Louis, aka kuma samu sakandaren 'yan mata ta kwana da ke Bompai, wadda har yau take nan da sunanta.

Duk wanda ya san Kano ya san wannan abu ne da ya isa a tsaya a duba. Gari ne da Musulunci ya shigo shi tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, ta hannun Wangarawa. Gari ne da Shehu Magili ya zauna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki. To, yaya aka yi makarantar da ake buga ƙararrawar coci a cikinta ta shekara fiye da saba'in a irin wannan gari? Kuma me ya sa Musulmi da yawa, har da 'yan gidajen sarauta da na malanta da na kasuwanci, suka ɗauki 'ya'yansu mata suka kai ta da hannunsu?

Amsar tana cikin kalmar amana. Akwai wata yarjejeniya tsakanin iyaye da makaranta, wani ɓangarenta a rubuce, mafi yawanta ba a rubuce ba. Tarihin wannan yarjejeniya nake so mu bi.

Ƙofar da aka rufe

Farkon haɗuwar Kano da 'yan mishan bai yi armashi ba. A 1900 Bishop Tugwell na cocin Ingila ya iso Kano da 'yan rakiyarsa, cikinsu da Likita Miller. Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su masauki na dindindin, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Likita Miller daga baya ya kafa aikinsa a Zariya, wanda aka mayar Wusasa a 1929.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin mutane ba. Ba ƙaunar Musulunci ta sa shi ba. Turawan 'yan ƙalilan ne, ƙasar kuwa faɗi gare ta, ba su da yadda za su riƙe ta sai ta hannun sarakuna, kuma sun san duk ranar da aka ga mai wa'azin mishan a ƙofar fada, ranar sarakunan za su zubar da ƙimarsu a idon talakawa. Saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga garuruwan Musulmi. Makarantar boko ta farko a Kano ma gwamnati ce ta buɗe ta, a Nasarawa, a 1909, ƙarƙashin Ɗan Hausa. Ko da yake shi kansa ya taɓa zama ɗan mishan kafin ya shiga aikin gwamnati, ba a yarda a koyar da Kiristanci a makarantar ba.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da akawuna da direbobi da kafintoci da 'yan kasuwa daga Kudu, daga Saliyo, daga ƙasar da yanzu ake kira Gana. Aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa, wajen 1913. Da yawansu Kiristoci ne, kuma Kirista yana buƙatar coci da makarantar da zai sa ɗansa. Limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta Afirka, wadda aka kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, sun riga sun kafa tasha a Shendam tun 1907. Daga baya suka biyo mabiyansu zuwa garuruwan da dogo ya ratsa, har Kano. Ke nan cocin Katolika bai shigo Kano ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ba, ya shigo ne ta tashar jirgi, ya tsaya a wajen ganuwa tare da baƙi.

A hankali ƙofa ta ɗan buɗe ta hanyar magani. A shekarun 1930 hukumomin gargajiya suka yarda 'yan mishan su kula da wuraren jinyar kutare, irin na Yadakunya. A 1943 mishan ɗin SIM, waɗanda ba Katolika ba ne, suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har gobe mutanen birni da ƙauye suke zuwa. Kanawa suka fara gane cewa mutum zai iya karɓar maganin ɗan mishan ya koma gida da addininsa. Wannan fahimta ita ta share wa makaranta hanya.

Su wane ne sistocin?

Asalin ƙungiyar St. Louis daga Faransa ne. Wani limami masanin falsafa, Louis Bautain, ya kafa ta a garin Juilly a 1842. A 1859 wasu sistoci uku suka haye zuwa garin Monaghan a Ailan, kuma reshen Ailan ɗin ne ya bunƙasa har ya tura mata Gana a 1947, Nijeriya a 1948.

Akwai abin mamaki a sunan kansa. Waliyin da ƙungiyar take ɗauke da sunansa shi ne Sarki Louis na tara na Faransa, wanda ya jagoranci yaƙin 'yan Salibiyya zuwa Masar, Musulmi suka kama shi a 1250 har sai da aka fanshe shi, ya sake fitowa yaƙi ya mutu a bakin Tunis a 1270. Bayan shekara kusan ɗari bakwai, sai ga sunansa a ƙofar makarantar da Hauwa da Bilkisu suke koyon lissafi tare da Ngozi da Rifkatu. Babban cocin Katolika na Kano kuma sunansa ya fito ne daga Fatima, wani gari a Fotugal da Katolika suke kai ziyara tun abin da suka yi imani ya faru a can a 1917, kuma sunan garin daga Larabci ya samo asali. Tarihin addinan nan biyu ya cuɗanya fiye da yadda masu gardama a Facebook suke zato.

Abu mafi muhimmanci shi ne inda matan suka fito. Mutanen Ailan ba Turawan mulki ba ne kamar Ingilishi, su ma Ingila ce ta mallake su ɗaruruwan shekaru. An yi zamanin da doka ta hana Katolika buɗe makarantu a ƙasarsu, malamai suna koyar da yara a ɓoye, a rumfuna da bayan shinge. A lokacin babbar yunwar da ta faɗa musu daga 1845, an samu wasu masu wa'azi da suke raba miya da sharaɗin yaro ya karɓi koyarwar cocin da ba na iyayensa ba, abin da ya zama abin gori a ƙasar har zuriya bayan zuriya. Saboda haka tsoron da Bakano yake yi, kada a yi amfani da allo da alli a raba ɗansa da addininsa, tsoro ne da kakannin waɗannan mata suka sani a jikinsu. Wannan bai mai da su waɗanda ba sa son addininsu ya yaɗu ba. 'Yan mishan ne, sun kuma yi imani da abin da suka zo da shi. Amma sun fito daga mutanen da suka san zafin a saye imanin mayunwaci.

Makaranta a tsakiyar hayaƙi

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano. Kusancinta da dogo da dalar gyaɗa ya sa masana'antun farko suka zauna a can: masu matse man gyaɗa, masu saƙa, masu alewa, masu sabulu, masu kwanuka. Daga baya aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, aka buɗe Challawa, inda majemu da masana'antun robobi suka yi yawa. Kano ta zama ta biyu bayan Legas a harkar masana'antu a ƙasar nan.

Injin masana'anta ba ya tambayar mutum addininsa. Layi guda zai haɗa Bakano da Bakatsine da Tibi da Ibo da Bayarabe da mutumin Kudancin Zariya, mai kamfanin Kwara ne ko Ba'indiye ko Alhajin birni. Da rana suna tare, da yamma kowa ya kama gabansa: wannan ya shiga birni, wannan Fagge, wannan Sabon Gari, wancan Gwagwarwa ko Dakata ko Tudun Wada. Tsarin da Turawa suka bari ya raba wa mutane wurin kwana bisa asali da addini, har kotu da kasuwa da maƙabarta kowa da tasa. Kasuwa da masana'anta suna haɗa manya, su ma na 'yan sa'o'i. Yara kuwa sai dai makaranta, kuma makarantun da suke haɗa 'ya'yan ɓangarorin nan a benci ɗaya ba su da yawa. St. Louis tana cikinsu, haka ma St. Thomas, sakandaren Katolika ta maza.

Haka abin yake a Kaduna. A Kakuri, unguwar masaƙu, Katolika suka kafa kwalejin 'yan mata ta Queen of Apostles da firamaren St. Anne. A wannan firamaren ne Sanusi Lamiɗo Sanusi, jikan Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, ya yi karatu kafin ya wuce King's College ta Legas. Ya fito ya ƙara karatun shari'ar Musulunci a Sudan, ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya, ya hau gadon kakansa a 2014. Misali ɗaya ba ya zama hujja a kan kowa, amma yana nuna cewa gidajen da suka fi kowa kishin martabarsu a Kano sun auna abin, sun ga za su iya bayar da amanar.

Abin da uba ya gani

Karatun mace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajis suna zagaya ƙauyuka suna koyar da mata. Matsalar iyaye da bokon 'yan mata ba karatun ba ne, wurin ne da mutanen da ke cikinsa. Wa zai koyar da ita? Wa zai gan ta? Da wane hali za ta dawo? Shi ya sa ajin 'yan mata na farko da aka buɗe a Kano a 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a cikin gidan sarki aka yi shi.

Idan aka dubi makarantar sistoci da idon uba Bakano na wancan lokaci, za a ga abubuwa da yawa da ya saba da su. Katanga ce mai tsawo da ƙofa ɗaya. Masu riƙon gidan mata ne manya, masu rufe kai, marasa kwalliya, waɗanda suke tashi da asuba su yi ibada. Ba a fita sai da izini, ba a karɓar baƙo sai ranar ziyara. Yarinya tana shara, tana wanki, tana gyara shimfiɗarta, 'yar attajiri da 'yar akawu kayansu iri ɗaya. Akwai ladabi ga na gaba, akwai horo ga mai laifi. Wanda ya yi makarantar allo ya san darajar malamin da ya ba karatu rayuwarsa gaba ɗaya, ba don albashi ba.

Rayuwar makarantar Katolika, a ko'ina take, ƙararrawa ce take jan ta. Ita ke tashin mutane, ita ke kiran aji da abinci da barci. A al'adar cocin ana buga ta sau uku a yini, safe da tsakar rana da yamma, don addu'ar tuna bushara da mala'ika ya kawo wa Nana Maryamu. Akwai babbar sujada ranar Lahadi. Akwai carbi, wanda aka fi ja a watannin Mayu da Oktoba. Akwai azumin kwana arba'in kafin Ista, wanda yake farawa da Larabar da ake shafa toka a goshi, ana ƙaurace wa nama ranakun Juma'a. Ga yarinya Bakatolika da ta taso a garin da take 'yar tsiraru, wannan wuri ne da addininta yake da cikakken fili, ba ta buƙatar yi wa kowa bayani.

Ga yarinya Musulma kuwa, abin ya zama darasi na daban. Tana ganin ƙawarta da carbi, tana ganin ta da azumi, tana jin sunan Maryamu da ta sani a sura ta 19 ta Alƙur'ani. Ita ma ƙawar tana ganin ta tana alwala cikin sanyin hunturu, tana tashi sahur, tana ƙin cin abin da ba ta tabbatar da yankansa ba. Bambancin aƙida yana nan daram. Musulmi ba ya yarda da Allantakar Annabi Isa (AS) ko gicciye shi, Kirista kuma a kan waɗannan imaninsa ya tsaya. Zaman ɗaki ɗaya ba ya goge wannan. Abin da yake gogewa shi ne tatsuniya. Wadda ta shekara biyar ko shida tana cin abinci a kwano ɗaya da 'yar wani addini, ta yi jinyarta da zazzaɓi, ta ara mata littafi daren jarrabawa, da wuya wani ya zo mata da labarin cewa mutanen can duk mugaye ne ta yarda. Gani ya kori ji.

Rubutacciyar doka da wadda ba a rubuta ba

Amanar tana da ƙafa a doka. Tun zamanin Turawa, makarantar mishan da take karɓar tallafin gwamnati tana ƙarƙashin sharaɗin kada a tilasta wa yaro darasin addinin da iyayensa ba su yarda da shi ba. Bayan binciken da kwamitin Willink ya yi a 1957 zuwa 1958 kan fargabar ƙananan ƙabilu, an saka haƙƙoƙin ɗan'adam a tsarin mulkin 'yancin kai na 1960. Tsarin mulkin 1999 da muke kai yanzu, a sashe na 38, ya tabbatar da abu biyu a jere: ba a tilasta wa ɗalibi karatu ko bikin addinin da ba nasa ba, kuma ba a hana wata al'ummar addini koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita take ɗaukar nauyinta gaba ɗaya.

Cocin ma ya sauya harshe. Babban taron limaman Katolika na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya fitar da takarda mai suna Nostra Aetate, wadda ta ambaci Musulmi da girmamawa a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce. A ɓangaren Musulmi kuwa, ko ɗan Islamiyya ya san labarin hijirar farko zuwa Habasha, inda Annabi (SAW) ya tura sahabbansa wurin Najjashi, sarki Kirista mai adalci, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa surar Maryamu. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja daga cikin gidansa.

A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta muna da abu mai kama da wannan. Wayar da ke hannunka da na'urar da ke ajiye da wannan shafi wataƙila ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, tsarin cikinsu ma ya sha bamban. Suna fahimtar juna ne saboda ƙa'idojin musayar saƙo da aka amince da su, waɗanda aka ɗora intanet a kansu tun 1983. Ba a ce wa kowace na'ura ta sauya cikinta ba, an dai ce ga yadda za a yi sallama, ga yadda za a miƙa saƙo, ga abin da ba a taɓawa. Amanar Bompai irin wannan ce. Uba ya ce ga 'yata, ku koya mata, ku tsare mutuncinta, kada ku taɓa sallarta. Makaranta ta ce mun karɓa, amma ku bar mana ƙararrawarmu da sujadarmu da dokarmu. Duk ranar da ɗaya ya saɓa, layi ya katse.

Shekarun gwaji

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kano ta ga rikicin Mayun 1953 tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari. Ta ga kashe-kashen 1966, lokacin da dubban Ibo, waɗanda su ne ƙashin bayan cocin Katolika a garin, suka bar Arewa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya shafa wa limaman Ailan baƙin fenti a idon gwamnatin tarayya saboda agajin da wasunsu suka kai yankin Biyafara, har aka kori da dama daga Gabas bayan yaƙin.

Sai guguwar ƙwace makarantu ta taso. Jihar Gabas ta Tsakiya ta fara a 1970, wasu suka bi. A Kaduna da Zariya, a farkon shekarun 1970, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta cocin Ingila ta koma Kufena. Masu goyon bayan matakin suna da hujjarsu: ilimi haƙƙin kowa ne, bai kamata ƙofar shigarsa ta zama ta wani addini ba. Amma da aka kawo shirin firamare kyauta ga kowa a 1976, ɗalibai suka ninka, kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, makarantun gwamnati da yawa suka lalace, har wasu jihohi suka mayar wa masu su, Legas a 2001, Anambra a 2011. A Kano, St. Louis da St. Thomas suna nan da sunayensu.

Gwajin bai ƙare ba. An yi Maitatsine a Disambar 1980, rikicin coci a Fagge a 1982, rikicin zuwan mai wa'azi Bonnke a Oktobar 1991, da ramuwar gayyar kisan Yelwan Shendam a Mayun 2004, wadda ta taɓa unguwannin ma'aikata irin su Sharaɗa. Ranar 20 ga Janairun 2012 Boko Haram ta kai hare-hare a Kano, har da hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ɗin kanta, mutane fiye da 180 suka mutu, mafi yawansu Musulmi. A Yulin 2014 aka jefa bam a cocin Katolika na St. Charles a Sabon Gari. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, akwai iyayen da suka zauna suka yi shawara ko a mayar da yarinya makaranta ko a bar ta a gida. Da yawa suka mayar. Shi ma cocin ya ƙara zama ɗan gida: Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 ƙarƙashin Bishop Patrick Sheehan, ɗan Ailan, a 2008 kuma Bishop John Namaza Niyiring, ɗan Arewa, ya gaje shi. Sistocin St. Louis na yau 'yan Nijeriya ne.

Inda ɗakin yake yoyo

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi kamar babu ƙura a cikinsa. Fargabar malamanmu ta farko tana da tushe, domin a wurare da yawa a Afirka makaranta ce babbar hanyar mishan ta samun mabiya, kuma a ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina coci ya samu mabiya ta hanyar makaranta da asibiti. Makarantun mishan sun fifita Turanci har ana hukunta mai yin harshen uwa, abin da ya sa wasu suka fita suna jin kunyar rubuta Hausa. Kuɗin makaranta ya sa 'yar lebura mai ɗaukar fata a Challawa ba ta cika kaiwa ga irin wannan benci ba. Maganar sutura ma tana iya kunna wuta, kamar yadda aka gani a Ilori a 2021, inda aka rufe makarantu goma masu asalin mishan saboda rigimar hijabi. Su ma Kiristocin Kano suna da nasu kukan, kan wahalar samun filin gina coci da ƙarancin malaman addininsu a makarantun gwamnati. A 2025, da jihohin Kano da Katsina da Bauci da Kabi suka rufe makarantu saboda azumin Ramadan, bishop-bishop na Katolika suka nuna rashin amincewa, gwamnatocin kuma suka kare matakin da cewa an tsara shi cikin kalandar karatu. A shekarar, tsakanin farkon Ramadan da Larabar toka bai kai mako guda ba. Ɓangarorin biyu suna azumi, suna gardama a kan azumi.

Daga Bompai zuwa Zawaciki

Masana'antun da suka tara mutanen nan sun yi rauni. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar lantarki, da kwararowar kayan waje masu araha, kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe, wasu suka koma ɗakunan ajiya. Rikice-rikice kuma sun sa kowa ya ƙara matsawa kusa da nasa. Yau yaro zai iya tashi a unguwar addini ɗaya, ya yi makarantar kuɗi ta addini ɗaya daga rainon yara har sakandare, ya buɗe waya manhaja ta riƙa kawo masa muryoyin da suka yi daidai da ra'ayinsa kaɗai, domin haka muka rubuta ta, ta ba mutum abin da zai daɗe yana kallo. Sai ya kai jami'a ko hidimar ƙasa kafin ya yi hira ta minti goma da wanda ba addininsu ɗaya ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu gari yana faɗaɗa ta kudu. A Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Janairun 2023, kusa da Challawa da Panshekara. Idan harkar ta kankama, za ta yi abin da tashar jirgi ta yi a 1911: za ta kawo direbobi da jami'an kwastan da akawuna da 'yan dako daga ko'ina, da matansu da 'ya'yansu. Gonaki suna komawa filaye, filaye suna komawa gidaje, makarantun kuɗi suna tsirowa a kowane layi.

Ba dole sai makarantar Katolika ce za ta ɗauki wannan nauyi ba. Makarantar da Musulmi ya kafa a Zawaciki za ta iya cewa Kirista ya kawo ɗansa, ba za a taɓa Lahadinsa ba, ba za a tilasta masa abin da ba nasa ba, ta kuma cika alkawarin. Makarantar gwamnati za ta iya ɗaukar malamin kowane addini in akwai ɗalibansa, kamar yadda doka ta ba da dama. Makarantar coci za ta iya ware wurin salla mai tsabta, ta gyara jadawali a watan azumi, ta ware gurbin karatu kyauta ga 'ya'yan leburorin da suke kewaye da ita. Iyaye kuma, idan sun je duba makaranta, bayan tambayar sakamakon jarrabawa da kuɗin zango, su ƙara da tambayar su wane ne za su zauna kusa da ɗansu a aji.

Tsofaffin ɗaliban St. Louis suna nan da yawa a Kano da Kaduna da Abuja, likitoci da lauyoyi da malamai da 'yan kasuwa, wasu da hijabi, wasu da gicciye a wuya, suna zuwa bikin 'ya'yan juna da ta'aziyyar iyayen juna. Wanda yake da irin wannan uwa ko gwaggo ko kaka a gida, ya kamata ya zauna da ita ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa, ya tambaye ta yadda suka yi azumi da Ista a ɗaki ɗaya, da abin da suka yi ranar da gari ya rikice. Mafi yawan wannan tarihi yana bakinsu ne, kuma shekaru suna tafiya.